Ranar da Kwalta Ta Kama Saniyar Inno

Shekarar da aka ce za a zuba wa hanyarmu ta Kagarawal kwalta, har guɗa muka yi. Lokacin kuɗi ya shigo ƙasa, ko'ina gini ake yi, ma'aikacin da ka sani jiya yana tafiya a ƙasa yau sai ka gan shi a kan babur yana ɗaga maka hannu. Wani ɗan kwangila ya zo da manyan motoci, ya jibge gangunan kwalta a filin bayan gidana, aka share hanya, aka zuba jar ƙasa. Daga nan shiru kake ji. Mutumin nan ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. Gangunan suka yi ta shan rana har wasu suka tsage, kwalta ta riƙa tsiyaya tana taruwa a wani rami da aka ɗebi ƙasar gini. Iska ta kwaso yashi ta lulluɓe samanta, in ba ka sani ba sai ka rantse ƙasa ce.

Ni ce Dokas, matar Timoti na tashar jirgi. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi, kuma duk Kagarawal babu wanda bai san bakina ba. Tun ranar da kazata ta shiga ramin nan ba ta fito ba nake magana a kansa. Mazan unguwa suka ce za a duba. Za a duba! Har yau in na ji namiji ya ce za a duba sai raina ya ɓaci.

Maƙwabciyata ta bayan danga wata tsohuwar Bafulatana ce, Inno. Farin da aka yi a shekarun baya ne ya cinye musu garke, mijinta kuma bai daɗe ba ya bi shanunsa. Ta shigo gari da ƙoranta da 'yar maraƙa guda a igiya. Fura take damawa tana sayarwa, da nonon da take sarowa a wajen danginta. Maraƙar nan ce ta girma ta zama karsana, fara sol, Inno tana kiranta Raneye. A shekarar da nake ba ku labari tana ɗauke da cikin fari. Inno ba ta da ɗa a raye, ba ta da gona. Da Raneye take hira, na sha jinta ta bayan danga tana yi mata faɗa kamar yadda nake yi wa 'ya'yana.

Abu ɗaya ke haɗa ni faɗa da Inno, tsoron hukuma. A ruga ta tashi, inda da an hango mai kaki da takarda ake kora shanu cikin kurmi saboda jangali. Abin ya zauna mata a jini. Ko ɗan sanda ne ya zo sayen fura, sai ta tashi ta gyara zanar da ta kare Raneye da ita. In na ce mata, "Inno, wa zai tsaya bin saniya ɗaya a cikin garin Gombe?" sai ta ce, "Ke kaɗo ce, Dokas. Ba a taɓa ƙirga miki abin da kike so ba."

To, ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce, irin ranar da ko kare ba ya barin inuwa. Na gama matse man da zan kai kasuwa washegari, garwa cike har baki, ina zaune ina murza ƙuli. Da hantsi duba-gari ya shigo unguwa yana leƙa randuna da masai kamar yadda ya saba. Shi dai randa ya zo dubawa. Amma Inno da ta ji an ce ga mai kaki nan, sai ta kwance Raneye ta fitar da ita ta ƙofar baya, ta bar hanyar da suka saba bi, ta yanka ta cikin filin ganguna.

Ihun da na ji ban taɓa jin irinsa daga bakin Bafulatana ba. Na watsar da ƙulin na fita a guje.

Raneye tana tsakiyar ramin. Ƙafafunta na gaba ne suka fara nutsewa, da ta yunƙura sai ta kife a kan haƙarƙarinta, kwalta ta kama ta tun daga kafaɗa har cinya. Kanta kaɗai ke ɗage, tana huci, harshe a waje. Inno tana baki-baki tana kiran sunanta.

Kafin ka ce me, maza sun cika wurin. Su da suka ce za a duba, ga shi sun zo dubawa. Aka ɗaura mata igiya a ƙaho aka ce a ja. Suka ja, suka ja, saniya ta yi wani irin kuka, fatar kafaɗarta ta fara tsagewa, ko motsi ba ta yi daga inda take ba. Inuwa mai shago ya ce ai kananzir ne maganin kwalta, da shi leburori ke wanke hannu. Ya kawo kwalba ya tsiyaya a kan inda ya tsage. Wayyo! Dabbar nan ta buga kanta da ƙasa, idonta ya yi jawur. Na fizge kwalbar na ce, "Inuwa, ka zuba wa gyambonka mana ka ji!"

Ana cikin haka Rabe mahauci ya iso da wuƙarsa a cikin kube. Kada ku ɗauka mugu ne. A wajenmu in dabba ta kama hanyar mutuwa, mai tausayinka shi ne wanda ya rigaye ta da wuƙa, don kada ta zama mushe. Ya tsuguna kusa da Inno ya ce, "Inno, ki yi haƙuri. Ranar nan ba za ta bar ta ta kai la'asar ba. Ki ba ni izini in yanka, kada ki tashi babu saniya babu nama."

Inno ta zuba wa Raneye ido.

Na ce, "Babu wanda zai yanka komai. Akwai asibitin dabbobi a garin nan, akwai malamin da aka ajiye don wannan. A kira shi."

Nan take Inno ta damƙi bakin zanena. "Kada ki kira min hukuma, Dokas. Don girman Allah. Za su ce ni na kawo ta filin gwamnati, su tafi da ita."

"Su tafi da ita ina, Inno? Kwalta ma ta hana ta tafiya!"

"Na ce kada ki je."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tausayinta ya kama ni a lokaci guda. Na ɓamɓare hannunta daga zanena. Na dubi Rabe na ce ya ba ni zuwa azahar. Ya ce, "Maman Edna, zan jira. Amma in na ga idonta ya fara juyewa, wallahi ba zan jira ki ba." Na san kuwa da gaske yake.

Tun da Timoti ya sayi babur ya bar min tsohon kekensa, wanda nake kai gyaɗa niƙa da shi. Na tattare zane na hau. Na fara biyawa ta zauren mai unguwa Jaji, don ba a tsallake mai unguwa a kai maganar unguwa gaba. Tsohon nan bai ɓata min lokaci ba. Ya ce, "Maza je ki, 'yar nan, ki ce ni na aiko ki. Ni zan je in zauna kusa da Rabe." Ya ɗauki sandarsa, ni kuma na taka feda. Yashin Gombe kuwa kun san shi, keke ya yi ta kafewa, ina sauka ina turawa, ina zagin ɗan kwangila da duk wanda ya ɗaure masa gindi.

Na faɗa asibitin dabbobi ko sallama ban yi da kyau ba. Na tarar da wani dogon mutum cikin kaki yana duba bakin wani rago. Shi ne Malam Shu'aibu. Na zazzage masa labari ba tsayawa. Ni na zaci zai ce in zauna a benci in jira. Sai ya saki ragon ya hau yi min tambaya: tun yaushe, a wane gefe ta kwanta, an ba ta ruwa, me aka zuba mata. Da na ce kananzir sai ya runtse ido. Yana haɗa kaya a jaka ya tsaya ya shinshina iska.

"Baiwar Allah, man gyaɗa kike yi ne?"

Na ce, "Saniya tana mutuwa kana tambayata sana'a?"

Ya ce, "Shi ne zai sake ta daga kwaltar ba tare da ya ci fatarta ba. Kina da shi da yawa?"

Na tuna garwata cike har baki, aikin da ya cinye min ƙugu da kafaɗa. Na ce, "Akwai."

Na bar keken a can, ya goyo ni a babur. Muna isowa na hango Rabe a tsaye, wuƙa ta fito daga kube, mai unguwa Jaji yana riƙe da hannun rigarsa yana ba shi baki. Raneye ta daina kuka, kanta ya kwanta a ƙasa.

Malam Shu'aibu bai tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ya ce a kwance igiyar ƙahon nan. Ya ce a ciro zana a yi mata inuwa, a kawo ruwa, a kawo katakai da yashi a shimfiɗa don a samu wurin taka ƙafa. Mazan da suka yini suna gardama sai ga su suna gudu. Na kinkimo garwata na dire. Amma da ya taka katako ya matsa kusa, Raneye ta ji baƙon hannu, sai ta hau fizge-fizge da ɗan ƙarfin da ya rage mata, kwalta tana ƙara cin ta.

Ya ja da baya ya ce, "In ta ci gaba da haka za ta karya ƙafa, ko cikin ya zube. Ina mai ita? Ta zo ta riƙe mata kai."

Kowa ya juya wajen Inno. Tana tsaye can gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a kan kakin nan da jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Ta ce a hankali, "Ba tawa ba ce."

Na ce, "Inno!"

"Ban san mai ita ba. Wucewa na zo yi."

Jin muryarta, Raneye ta ɗago kai da ƙyar ta yi mata ɗan kuka. Jama'a, abin nan ya soke ni. Inno ta kau da kai, hawaye yana bin kumatunta, amma ba ta motsa ba. Haka ta ga iyayenta suna yi a gaban masu jangali, a nuna musu saniyar da suka raina da hannunsu su ce ba su san ta ba. Na buɗe baki zan sauke mata kwandon masifa, sai Malam Shu'aibu ya ɗaga min hannu.

Ya ajiye jakar a ƙasa. Ya cire hularsa ya share gumi, ya matsa inda za ta ga fuskarsa da kyau. Sai a lokacin na lura da tsagen Barebari a kumatunsa, zara-zara. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Ya ɗaga murya ya ce, "To madalla. Tunda ba ta da mai ita, tawa ce. Dama duk shanun da ke hannun Fulani na Barebari ne, kiwo muka ba su. Mai unguwa, ka shaida, yau dukiyar kakana ta dawo gida."

Mayafin Inno ya zame. Ta ƙare masa kallo, daga tsagen har takalmi. Sai ji muka yi ta fashe.

"Ƙarya kake, Babarbare! Yaushe kakanka ya taɓa mallakar ko bunsuru? Wannan uwarta a hannuna aka haife ta. Kakarta ita aka ba ni ranar da aka kai ni ɗakin miji. Kai har ka isa? Tawa ce! Raneye tawa ce!"

Inno ta dafe bakinta, ta gane abin da ta faɗa a gaban mai kaki.

Malam Shu'aibu ya sassauta murya ya ce, "Na sani, Inno. Ban zo ƙirga ta ba, ban zo karɓar komai ba. Zo ki riƙe kan 'yarki."

Ta taka katakon nan ba takalmi, ta zauna ta ɗora kan Raneye a cinyarta, tana yi mata magana da Fulatanci, tana ɗiga mata ruwa a baki. Saniyar nan ta lafa kamar an zare mata ƙaya.

Daga nan aka shiga aiki. Ni ina tsiyaya mai a inda fata ta haɗu da kwalta, Malam Shu'aibu yana cusa hannu yana murzawa, a hankali a hankali kwaltar tana saki. Inda gashi ya kafe ya ƙi, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke da wuƙa mai kaifi da hannu mai sauƙi?" Rabe ya dubi wuƙarsa, ya dubi saniya, ya naɗe hannun riga. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana fiɗa bai taɓa huda fata ba, shi ya riƙa bin tsakanin gashi da kwalta yana aske wa Raneye haƙarƙari, ko ƙwarzane bai yi mata ba. Yana yi yana cewa, "Yi haƙuri, 'yar gari, yi haƙuri."

Ba a kai rabi ba garwata ta ƙare. Na kife ta na bubbuga gindinta. Na miƙe na kwarara ihu na ce duk matar da ke da mai a unguwar nan ta fito da shi. A'i matar Inuwa ce ta fara miƙo kwalbarta ta kan katanga. Daga nan kwalabe da kwanoni suka yi ta fitowa, wata ma ɗan abin da za ta yi miyar ranar ne a gindin gwangwani. A daren nan gidaje da yawa a Kagarawal lami suka ci, ban kuma ji wadda ta yi ƙorafi ba.

Bayan la'asar aka samu aka zura buhuna ta ƙarƙashin cikinta. Malam Shu'aibu ya ce ɗagawa za a yi, ba ja ba. Maza suka kama gefe da gefe, aka yi bismilla, ni kuma ina kiran sunan Yesu, aka ɗaga. Ji kake ɓwat, kwalta ta saki. Aka kwantar da ita a kan yashi, rabi fara rabi baƙa, duk jikinta yana sheƙi da mai kamar za a soya ta. Ta daɗe a kwance. Malam Shu'aibu ya wanke tsagar kafaɗar ya sa magani, ya yi mata allura, ya dafa cikinta ya yi shiru yana saurare da tafin hannu. Can ya ce, "Ɗan yana motsi." Bai rufe baki ba Raneye ta tattara ƙafafun baya, ta yi tangaɗi, ta miƙe. Guɗar da na rangaɗa sai da aka ji ta har unguwar Shamaki.

Kafin ya hau babur, Malam Shu'aibu ya zagaya ramin shi da mai unguwa. Ya ce, "Yau saniya ce, gobe ɗan wani ne." Washegari su biyu suka kai maganar gaba, har da duba-garin da Inno ta guje wa. Ba a yi sati ba mota ta zo ta kwashe gangunan, aka cike ramin da jar ƙasa. Na ce wa mazan unguwa, "Kun ga yadda ake dubawa?"

Amma Inno ta ɗauke min wuta. Malam Shu'aibu yana zuwa duba ciwon, ina jinsu ta bayan danga suna zage-zagensu na wasa, tana ce masa bawanta, yana ce mata baiwarsa. Ni kuwa in mun haɗu sai ta sunkuyar da kai ta ce sannu, ta wuce. Ko na gode babu. Abin ya ci min rai, ba zan yi ƙarya ba. Na ce wa Timoti, "Ka ga tsohuwar nan? Na ƙarar da maina, na kusa karya ƙafa a keke, ta mai da ni abokiyar gaba." Ya ce in bar ta, Fulani ba a baki suke godiya ba. Na ce to a ina suke yi, a ƙeya?

Damina ta sauka, gashin Raneye ya tsiro, na ji labari a bakin A'i cewa ta haihu. Ban je barka ba. Ni ma ai ina da zuciya.

Wata safiya ina suyar gyaɗa na ji sallama. Na fito na ga Inno a ƙofar gida, ta sha wanka, tana riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar ga 'yar maraƙa fara sol tana tsalle. A ɗaya hannun kuma ƙaramar ƙwarya rufe da faifai.

Ta ce, "Dokas, ɗauko mayafinki ki raka ni wajen Babarbaren nan, ya duba min ita. Ya ce akwai allurar da ake yi musu."

Na riƙe ƙugu na ce, "Ke Inno? Da ƙafarki za ki kai saniya wajen mai kaki?"

Ba ta kula ni ba. Ta miƙo min ƙwaryar. Na ɗaga faifan, sai ga curin man shanu, sabo, yana iyo a cikin nono.

"Wannan fa?"

Ta kalli gefe, ta gyara igiyar a hannunta.

"Na kaɗawar fari ne. Kin zuba wa Raneye mai. Ta ce a fara maido miki."

Ni da duk Kagarawal ta san bakina, na neme shi na rasa. Na shiga ɗaki da ƙwaryar na yi kukana, gyaɗa tana ƙonewa a kan wuta. Sannan na wanke fuska, na ɗauko mayafi, muka kama hanya, maraƙar tana tsakaninmu.